Mai Fenti Ya Fi Kwamfuta Jin Hausa

Jama'a, ku lura da allunan shaguna daga nan Miri har kasuwar Wunti. Yanzu kowa bana yake bugawa, da haruffa masu ado da inuwa irin na tsofaffin fastocin Turawa. Kyau kam suna da shi. Sai dai yawancinsu babu ƙ, ɗ da ɓ a ciki, sai mai bugawa ya sa harafin da babu ƙugiya. Masaukin baƙi ya koma masaukin baki! Mai fentin da ya rubuta allon shagon babanmu da buroshi, hannu kawai ya ja, ƙugiya ta fito tsaf. Ni dai in zan yi allo, wajensa zan nufa, ko da ya fi tsada.