Tafkuna A Ƙarƙashin Ƙanƙara: Ina Ruwanmu?

Kwanan baya muna hira na ta da zancen tafkunan da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika, sai wani abokina ya kwashe da dariya ya ce, "Ina ruwanmu da ƙanƙara, mu da zafi ke neman hallaka mu?" Ni kuwa a ganina da ruwanmu, kuma ga dalilina.

Ƙanƙarar da ta lulluɓe wannan nahiya, can ƙuryar kudancin duniya, ba a tsaye take ba. Tafiya take yi sannu a hankali zuwa teku. Kaurinta ya kai kilomita 4 a wasu wurare, amma duk da tsananin sanyi akwai ruwa kwance a gindinta. Ɗumin da ke tasowa daga cikin ƙasa ne yake narkar da ita, nauyinta yana sauƙaƙa narkewar, ita kuma ta zame wa ruwan bargo. Ƙididdigar masana ta 2022 ta nuna akwai irin waɗannan tafkuna 675 a Antaktika. Babbansu shi ne Tafkin Vostok, mai tsawon kusan kilomita 250.

Duk wanda ya taɓa zamewa a kan jiƙaƙƙen siminti ya san aikin ruwa. Haka abin yake a can. Wasu tafkunan sukan cika su tsiyaye, ruwan ya shiga tsakanin ƙanƙara da dutse ya haddasa santsi. Daga Disamba 2005 zuwa Fabrairu 2007, tafkuna biyu sun saki ruwansu a ƙarƙashin kogin ƙanƙara na Byrd, sai gudunsa ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Gaskiya ne daga baya ya lafa, kuma ba kowace tsiyaya ce ke ƙara gudu ba.

To, ina haɗinmu? Duk ƙanƙarar da ta bar tudu ta faɗa teku, ɗaga shi take yi, kuma tekun nan shi ne ke ƙofar Legas da Fatakwal. Ba wanda zai iya ƙiyasta yadda teku zai tashi sai ya san saurin ƙanƙarar, ba kuma za a san saurinta ba sai an fahimci ruwan da ke gindinta.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, kada mu ɗauki wannan bincike a matsayin ɓarnar kuɗin Turawa. Mu bi shi, mu kuma nemi masu tsara garuruwanmu na gaɓar teku su yi aiki da sakamakonsa. Bahaushe dai ya ce, rigakafi ya fi magani.