Shin Dole Ne Masu Ƙera Gem Su Saurari Masu Buga Shi?

Yau ba labarin soyayya ko na yaƙi na zo muku da shi ba, magana ce a kan wasan bidiyo, wato abin da yaranmu suke kira gem. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, mu da muke taruwa don adabi. To a yi haƙuri a bi ni a hankali, domin tambayar da zan ɗauko ita ce wadda marubutanmu suka daɗe suna fama da ita: idan ka ƙirƙiri abu, jama'a suka karɓa, suka zuba kuɗinsu da lokacinsu a ciki, shin dole ne ka bi abin da suka ce?

A nan wajenmu, daga Yelwa zuwa Birnin Yauri, har Wara da Shanga, duk wanda ya san samari ya san gidan gem. Ɗan shago ne da talabijin biyu ko uku, da benci, da janareto yana ruri a bayan ɗaki. Abin da aka fi bugawa kuwa ƙwallo ce, kuma shekara da shekaru wasan PES na kamfanin Konami na ƙasar Japan yana cikin waɗanda suka riƙe irin waɗannan shaguna, tun zamanin PlayStation 2 lokacin da wasu ke kiransa Winning Eleven. Dalilin farin jininsa a fili yake: ba ya buƙatar intanet, mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa su kece raini, wanda aka ci ya biya.

To a ranar 30 ga Satumba 2021 sai Konami ya ajiye sunan PES, ya fito da eFootball 2022, ya ce kyauta ne, kowa ya sauke. Da aka buɗe sai aka ga abin mamaki. Fuskokin Messi da Ronaldo sun koma abin dariya, 'yan wasa suna gudu kamar an ɗaure musu hannu, ƙungiyoyi 9 kacal ake iya zaɓa idan mutum yana son buga wasa shi da abokinsa, sannan sashen nan na Master League, inda mutum ke riƙe ƙungiya yana saye da sayar da 'yan wasa kaka bayan kaka, babu shi sam. Cikin 'yan kwanaki wasan ya zama wanda aka fi yi wa mummunar shaida a kasuwar Steam. Kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, amma cikakken gyara bai zo ba sai Afrilun 2022. Master League ɗin da aka yi alkawarin dawo da shi kuwa, 2023 ta wuce, 2024 ta wuce, ba a gan shi ba.

A irin wannan hali babu wata muhawara. Wanda ya sayi abu, ko ya ɓata datarsa ya sauke shi, yana da haƙƙin ya ce abin nan bai yi ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniyan da ke zaune a Tokyo ya gwada wasansa na wasu watanni, amma miliyoyin mutane da suka buga shi mako ɗaya za su gano abin da shi ba zai gano ba ko da ya shekara.

Akwai wani misalin da ya fi wannan nauyi. A Nuwamban 2017 kamfanin EA na Amurka ya fito da Star Wars Battlefront II, aka tsara shi yadda sai mutum ya shafe awoyi kusan 40 kafin ya samu wani babban jarumi, ko kuma ya sa kuɗi ya sayi wasu akwatuna da bai san abin da ke cikinsu ba sai ya buɗe. Masu wasa suka yi ca, har kamfanin ya rage farashin jaruman da kashi 75 cikin 100, ya kuma dakatar da sayar da akwatunan. Maganar ba ta tsaya nan ba, a Afrilun 2018 hukumar ƙasar Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna caca ce. Kun ga da masu wasa sun yi shiru, da an ci gaba da koya wa yara caca da sunan wasa. Wannan kuka ya dace, kuma sauraronsa wajibi ne.

To amma fa akwai ɗaya gefen, kuma nan ne nake rabuwa da masu cewa mai saye sarki ne, duk abin da ya faɗa a yi.

Mu mutanen bakin ruwa mun san aikin masassaƙin jirgi. Idan masunci ya dawo masa ya ce jirgin nan ruwa yana shiga ta gefen hagu, masassaƙin da ya san abin da yake yi ba zai yi gardama ba, domin ba shi ne ya kwana a kan ruwa ba. Amma idan masuncin ya ce to ka cire wannan katakon ka sa wancan, nan sai masassaƙi ya duba da kansa, don wataƙila ɓarakar tana wani wuri daban, ruwan ne kawai ya gangaro ya taru a hagu. Masunci ya san ciwon, masassaƙi ya san maganin. Haka kuma direban jirgin fasinja ranar kasuwa: kowa a bakin gaɓa yana roƙon a ƙara mutum ɗaya, a ƙara buhu ɗaya, kuma kowane ɗayansu yana da uzurinsa. Direban da ya biya wa kowa buƙata mun san inda yake kai mutane, Allah ya kiyaye.

Haka abin yake a gem. Idan mai wasa ya ce wannan matakin ya gundure ni, ko mai tsaron gida yana barin ƙwallon da bai kamata ta wuce ba, gaskiyarsa ce, a saurare shi. Amma idan ya ce a ƙara wa ƙungiyar da yake so ƙarfi, ko a rage wa bindigar da ake yawan kashe shi da ita kaifi, to a nan yana magana ne da bakin son zuciyarsa, bai ga sauran miliyoyin da gyaran zai ɓata wa wasa ba.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen labari, kuma nan ne ya shafe mu kai tsaye. A Maris 2012 kamfanin BioWare ya fito da Mass Effect 3, ƙarshen wani labari mai kashi uku da mutane suka shafe shekara biyar suna bi. Ƙarshen bai gamsar ba, aka yi ta ƙorafi. A watan Yuni kamfanin ya fito da ƙarin bayani kyauta, ya cike guraben da aka bari, amma bai rushe ginshiƙin ƙarshen ba. A nawa ganin sun yi daidai, domin ƙorafin cewa ba a gane abin da ya faru ba ƙorafi ne a kan aiki, kuma sun gyara shi. Sai kuma 2020, da The Last of Us Part II ya fito, aka kashe wani jarumi da mutane ke ƙauna tun a farkon labarin. Wasu suka fusata har suka riƙa aika wa Laura Bailey, matar da ta yi muryar wadda ta yi kisan, saƙon barazanar kisa. Kamfanin Naughty Dog bai canja labarinsa ba, kuma wasan ya lashe kyautar gwarzon shekara a bikin The Game Awards na 2020. Mutum yana iya ƙin labarin, ra'ayi riga ce, amma wanda ya kai ga yi wa 'yar wasa barazana ya fita daga sahun masu ba da shawara.

Wannan rikici ya girmi kwamfuta. A 1893 marubucin nan na Birtaniya, Arthur Conan Doyle, ya gaji da Sherlock Holmes ya kashe shi, makaranta suka hana shi sakat, har a 1903 ya dawo da shi da rai. A wajenmu ma tun lokacin da littattafan Kano suka cika kasuwa a shekarun 1990, ana fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, marubuci ya sa adireshinsa a ciki, wasiƙu su yi ta zuwa kafin kashi na gaba ya fito. Yanzu da labari ke fita shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad abin ya ninka. Marubuciya za ta saki shafi da daddare, kafin asuba an cika ta da umarni: kar ki raba su, ki kashe kishiyar, ki mayar da shi mai kuɗi. Sau nawa muka ga labari ya taso da ƙarfinsa, ya kai tsakiya ya rikice, aka rasa inda ya dosa? Sau da yawa idan ka bincika za ka tarar alƙalamin ya bar hannun mai shi, ya koma hannun masu ihu. Dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai. Kuma abin takaici, waɗanda suka matsa aka yi musu yadda suke so su ne na farko da za su ce labarin ya yi lami, domin abin da ke riƙe mai karatu shi ne rashin sanin abin da zai faru gobe.

Akwai kamfanin da ya nemi tsaka-tsaki. Jagex na Ingila, masu Old School RuneScape, tun 2013 suka sa dokar cewa ba za a ƙara sabon abu a wasan ba sai an kaɗa ƙuri'a, kashi 75 cikin 100 sun yarda, daga baya aka rage zuwa 70. Amma ku lura, kamfanin ne yake tsara abin da za a kaɗa ƙuri'a a kai, jama'a su ce e ko a'a. Shawara ɗaukar ɗaki ce, amma ko a ɗaukar ɗaki akwai mai cewa a ɗaga, a juya, a sauke.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna. Idan aka ce kamfani ya saurari masoya, su wane ne masoyan? Waɗanda ake ji su ne masu Turanci, masu intanet mai ƙarfi, masu wutar da ba ta ɗaukewa, masu lokacin zama su yi ta rubutu a Reddit da YouTube. Yaron da ke Ngaski da wayarsa mai ƙaramin ciki ba ya cikin lissafi. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu don a samar wa ƙasa lantarki, amma mai gidan gem a bakin wannan tafki da fetur yake kunna talabijin, fetur ɗin da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. To wasan da kullum sai an haɗa shi da intanet, kuma kowane 'yan makonni sai an sauke sabon gyara mai cin data, an rufe wa wannan yaron ƙofa ke nan, kuma babu wanda zai ji kukansa domin ba ya rubutu inda ake karantawa.

Amma yana magana ta wata hanyar, wato ta abin da ya zaɓa. Shi ya sa za ka ga an riƙe tsohon PES ana ta ɗora masa sababbin 'yan wasa da sababbin riguna. A Brazil ma haka suka yi, suka ɗauki tsohon wasan PlayStation 2 suka yi ta sabunta shi da sunan Bomba Patch. Shi ya sa kuma Free Fire na kamfanin Garena, da ya fito a 2017, ya mamaye ƙasashe masu tasowa, saboda an ƙera shi yadda ƙaramar waya za ta ɗauka. Wannan kamfani ya kalli abin da ke hannun mutane, ya yi aiki da shi. A wajena wannan sauraro ya fi na bin masu ihu daraja.

Saboda haka amsata ita ce e, su saurara, amma da sharuɗɗa uku. Na farko, duk ƙorafin da ya shafi aiki mara kyau, ko alkawarin da aka karya, ko dabarar tatsar kuɗin mutane, a karɓe shi da gaggawa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na biyu, abin da ya shafi labari da alƙiblar wasa a bar wa mai shi, ya ji ra'ayi ya auna, hukuncin ya zama nasa, idan ya yi kyau a yaba masa, idan ya ɓaci ya ɗauki laifinsa. Na uku, a nemi waɗanda ba su da murya, kada a ɗauka mutum 1,000 da suka fi kowa ƙara su ne duniya.

Ga 'yan uwana marubuta kuwa, idan makaranci ya ce shafin nan ya ja da yawa, ko wannan hali bai yi kama da na Bahaushiya ba, ku duba, wataƙila ya hango abin da ba ku hango ba. Idan kuma ya ce sai dai ku aurar da wance ga wane, ku yi masa godiya, ku ci gaba da labarinku. Mu kuma makaranta mu riƙa faɗin inda ya yi mana yoyo cikin ladabi, mu bar magini da ginin sa.

Allah ya sa mu dace, ya ƙara wa masu alƙalami basira. Wassalam.