Allurar Botox: Kada garin neman gira a rasa ido

Kwanakin baya, bayan na kammala lacca, wata ɗalibata ta biyo ni ofis da wayarta a hannu. Ta nuna mini tallan wani shagon gyaran jiki a Instagram, inda aka yi alƙawarin shafe tamojin goshi da allura ɗaya a kan farashi mai rahusa. Ta ce yayarta ce za ta yi aure, tana so a yi mata kafin biki. "Malam, ai kwalliya ce kawai, ko?" Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan makon, domin amsarta ita ce a'a. Allurar Botox magani ce da aka tace daga guba, kuma duk wanda ya ɗauke ta tamkar jan baki ko lalle ya yi kuskure tun daga tushe.

Tarihinta kaɗai ya isa hujja. A farkon ƙarni na 19, wani likita ɗan ƙasar Jamus, Justinus Kerner, ya yi nazarin mutanen da ke shanyewa har su mutu bayan cin naman da aka cusa a hanji aka adana. A 1895 masanin ƙwayoyin cuta na ƙasar Beljiyam, Émile van Ermengem, ya gano ƙwayar da ke haddasa wannan cuta, wadda a yau ake kira Clostridium botulinum. Gubar da take fitarwa tana cikin mafiya ƙarfi da ɗan Adam ya sani. Aikinta shi ne ta tare saƙon da jijiya ke aikawa ga tsoka. Idan saƙo bai isa ba, tsoka ba ta motsi.

Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, shi ne ya fara amfani da ɗan mitsitsin wannan guba wajen gyara idon masu harara-garke, kuma a 1989 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da hakan. Shigarta duniyar kwalliya kuwa bisa tsautsayi ne. A 1987, a birnin Vancouver na Kanada, likitar ido Jean Carruthers da mijinta Alastair, likitan fata, suka lura cewa tamojin da ke tsakanin girar marasa lafiyar da ake yi wa allurar yana ɓacewa. A 2002 hukumar ta Amurka ta ba da izinin amfani da ita domin wannan manufa.

Ba ina cewa allurar ba ta da amfani ba ne. A hannun ƙwararru tana rage raɗaɗin ciwon kai na ɓari ɗaya mai naci, tana sassauta sandarewar gaɓoɓi, tana tsayar da gumin da ya wuce kima. Ko a kwalliyar ma, mafi yawan waɗanda likita ya yi wa ba sa fuskantar wata babbar matsala. Amma ya kamata mai karatu ya san abin da yake saya. Allurar ba ta mayar da fata ƙuruciya. Tsokar da ke naɗe fatar take kwantarwa. Bayan wata uku zuwa huɗu tsokar ta farfaɗo, tamoji ya dawo, sai a sake buɗe jaka.

Haɗarin yana ga hannun da ke riƙe da sirinji da kuma abin da ke cikin kwalba. Idan aka kauce wa gurbi kaɗan, fatar ido na iya saukowa ta rufe rabin ido na tsawon makonni. Idan gubar ta bazu zuwa wasu sassan jiki, sai gani ya dishe, haɗiya ta gagara, numfashi ya yi wuya. Wannan ne ya sa tun 2009 aka wajabta buga gargaɗi mafi tsanani a jikin takardar maganin a Amurka. A 2024 hukumomin lafiyar ƙasar sun binciki rashin lafiyar mata a jihohi da dama, wasunsu har an kwantar da su a asibiti, bayan an yi musu allurar jabu ko an yi musu a gidaje da shaguna ta hannun waɗanda ba su da lasisi. Ingila kuwa ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 wannan allura domin kwalliya tun 2021.

Idan haka ta faru a ƙasashen da ke da tsauraran dokoki, ina ga namu? Wannan magani yana buƙatar zama cikin sanyin firji tun daga masana'anta har zuwa hannun likita. Wane tabbaci ke akwai cewa kwalbar da aka shigo da ita cikin jakar matafiyi, aka ajiye a shagon da wuta ke ɗaukewa kullum, tana nan yadda take? Mun ga abin da man bilicin ya yi wa fatar 'yan'uwanmu mata. Shi ma da sunan kwalliya ya shigo. Araha ba ta ado.

Hukuncin addini a kan wannan na bar wa malamai. Nawa shi ne abin da na faɗa wa ɗalibata: idan yayarki ta nace, to ta je asibiti, ta ga likita mai lasisi, ta nemi ganin kwalbar da lambar rajistar NAFDAC, ta faɗi duk wata larura da take da ita, musamman juna biyu ko ciwon jijiya. Hukumomi kuma kada su jira sai an yi asarar rai kafin su leƙa waɗannan shaguna.

Ni da na haura arba'in, layukan goshina sun fara bayyana, kuma ban ga dalilin ɓoye su ba. Shekaru ne na karatu da tarbiyyar 'ya'ya suka rubuta su. Wanda ya ga dama ya goge nasa, haƙƙinsa ne. Roƙona kawai shi ne, kada garin neman gira a rasa ido.