Kafin a Kwance Injin Ban Ruwa, a Fara Neman Illarsa

Wanda duk ya ratsa ƙasar Haɗeja da rani, tun daga jigayin Birniwa har ya gangara fadamun Kirikasamma da Guri, ba zai rasa jin ƙugin injin ban ruwa ba, domin wannan ɗan ƙarfe da ake ɗaurewa a bayan babur shi ne ya gaji jigon kakanninmu, kuma da shi alkama da shinkafa da albasa da tattasan gidaje masu ɗimbin yawa suka dogara. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, sa'an nan ta Challawa ta biyo baya a 1992, ambaliyar da ta saba shayar da fadama ta sake hali, manomi ya koma neman ruwa da dabara. A shekarun 1980, lokacin Haɗeja tana cikin Jihar Kano, hukumar raya aikin gona ta KNARDA ta yaɗa rijiyoyin bututu da ƙananan injuna, hana shigo da alkama a 1987 ya ƙara wa noman rani daraja, shirin Fadama na Bankin Duniya kuma ya ɗora a kai cikin shekarun 1990. An raba injuna, an yi bukukuwa, an ɗauki hotuna. Abin da ba a raba ba shi ne ilmin gane illar injin idan ya ƙi, kuma ni a ganina wannan rashi ya fi tsadar fetur ci wa manomi dukiya.

Ga yadda al'amarin yakan kasance. Inji ya tashi lafiya, yana ƙara, amma ruwa ya ƙi fitowa daga tiyo. Mai shi, wanda shukarsa ke yaushi a gaban idonsa, sai ya saɓe shi zuwa wurin bakanike. Shi kuwa bakaniken, wanda galibi a kan babur da janareta ya koyi sana'arsa, sai ya fara da abin da ya sani, ya sake fulogi, ya wanke kafireta, in abin ya faskara ya ce a sayo sabuwar fanka, alhali tun farko ba a tambayi zurfin rijiyar ba, ba a ga mesar da ke zuƙo ruwan ba, bal ma an baro ta a gona. Wannan daidai yake da mai maganin da ya ɗura wa majinyaci jiƙo bai tambaye shi inda ke masa ciwo ba. Ba na zargin bakanike da ha'inci, domin mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halak. Iliminsu ne ya tsaya ga rabin na'urar, watau ɓangaren da ke shan mai, ɓangaren da ke jan ruwa kuwa yana da nasa hukunce-hukuncen dabam.

Asalin mas'alar ita ce, wannan inji ba ya iya zuƙar iska. Fankar da ke cikinsa juyawa take yi tana watsa ruwa gefe, sai gurbi ya samu a tsakiya, nauyin iskar sararin sama kuma ya turo ruwan rijiya ya cike gurbin. Saboda haka ne ake ɗura masa ruwa kafin a tayar da shi, saboda haka ne kuma huda ƙanƙanuwa a jikin mesa, ko ɗaurin roba da ya saki a bakin mahaɗa, ya isa ya hana shi aiki ɗungum, ko da kuwa jiya aka fito da shi daga kwali. Kuma nauyin iskar nan yana da haddi wanda Mahalicci ya ajiye: ba zai ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10 ba ko a lissafi, a aikace kuwa da wuya a wuce mita 7 ko 8. To, idan aka shiga watan Maris da Afrilu, ruwan ƙasa ya ja baya, sai ka ga inji lafiyayye ya kasa, mai shi yana ta kashe kuɗi a kan cutar da babu ita, alhali maganin bai wuce a haƙa rami a saukar da injin kusa da ruwa ba, kamar yadda tsofaffin masu lambu suka daɗe da ganewa ta hanyar jarrabawa.

Sauran alamomin ma a bayyane suke ga mai lura. Ruwa yana ɗiga tsakanin injin da gidan fanka, sil, watau abin da ke tare yoyo, shi ne ya ƙone, kuma sababinsa mafi yawa barin inji yana gudu babu ruwa a cikinsa, abin da mintuna kaɗan ke isa ya yi ɓarna. Ƙara kamar ana markaɗa tsakuwa, ruwa ne ba ya isowa yadda ya kamata, la'alla rariyar bakin mesa ta toshe da ɓaraguzan kacala, ciyawar da ta addabi magudanan yankin nan. Ƙarfin ruwa yana raguwa sannu a hankali daga shekara zuwa shekara, yashi ne ya cinye fanka. Inji yana mutuwa da kansa bayan ɗan gudu, a duba baƙin mai tukuna, domin injunan Honda da yawa suna da wata na'ura mai kashe su idan man ya yi ƙasa. Abin takaici, wasu maimakon su ƙara mai sai su tsinke wayar, su ce sun gyara. Kamfanin ya yi umurni a sake mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100, amma wa ya taɓa karanta wa manomi wannan da Hausa?

Wani abin mamaki, irin wannan famfo mai fanka shi ne ke juya ruwan tafkunan wanka na manyan otal-otal da gidajen masu hali a Kano da Abuja, sai dai nasu da lantarki yake aiki, kuma cututtukansu kusan ɗaya ne: iska ta shiga, kwandon tacewa ya cika da ganye, sil ya yi yoyo. Can akwai ma'aikacin da ake biya musamman ya zagayo ya duba tun kafin abu ya lalace. Ruwan nishaɗi ya sami mai kula, ruwan abinci bai samu ba. Kuma kada wani ya ce wannan fanni baƙo ne a gare mu, domin Al-Jazari, malamin da ya yi wa sarakunan Diyar Bakr hidima, ya siffanta famfo mai zuƙar ruwa a littafinsa tun shekarar 1206.

A jigayin Birniwa, inda ruwa ya yi nisa da injin fetur, mas'alar ta koma kan famfon tuƙa-tuƙa da rijiyar burtsatse, kuma a nan hasarar ta fi ciwo, domin ruwan sha ne. Famfo irin India Mark II sau da yawa abin da ke tsayar da shi bai wuce robar da ta suɗe a cikin silinda, ko sarƙar da ta tsinke, ko sandar da ta kwance ba, kayan da kuɗinsu bai kai komai ba idan aka gwada da kuɗin haƙa sabuwar rijiya. Amma da yake sabuwar rijiya ana kafa mata allo da sunan wanda ya kawo ta, gyara kuwa ba shi da allo, sai a bar tsohuwar ta mutu, mata da yara su koma tafiya mai nisa da jarka. Malamanmu sun karantar da mu cewa sana'o'in da al'umma ba ta iya rayuwa sai da su farali ne na kifaya, idan babu mai yi laifin ya hau kan kowa, kuma ban ga dalilin da zai fitar da gyaran famfo daga wannan hukunci ba.

Za a ce hukuma ba ta da kuɗin ɗaukar makanikai, kuma gyara al'amarin kasuwa ne. Na yarda da rabin maganar. Ba albashi nake nema wa kowa ba. Abin da nake kira gare shi shi ne, duk lokacin da gwamnatin Jigawa ko Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are za ta raba injuna, a ware wani kaso na kuɗin domin horar da makanikan da suke riga suna zaune a kasuwannin ƙauye, a koya musu su bi manomi gona su ga rijiya da mesa kafin su ɗauki sifana, kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja tana kusa, za ta iya ɗaukar wannan nauyi da gajeren kwas cikin harshen Hausa. A kuma daina sayo injuna iri-iri waɗanda kayan gyaransu ba sa shiga juna, har manomin Birniwa ya bar gonarsa ya tafi Kano neman sil guda.

Lamarin ya ƙara zama na gaggawa tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, manoma suka fara komawa ga famfon sola. Wannan sabon baƙo ba shi da fulogi balle kafireta, illolinsa na waya ne da akwatin sarrafa wuta da ƙurar hunturu da ke rufe faifan hasken rana, kuma bakaniken babur bai san ko ɗaya daga ciki ba. Wanda zai raba sola bana, ya fara gaya mana sunan garin da mai gyaranta yake zaune, da nisan garin daga Birniwa.