Tsakanin Gida Da Makaranta: "Amarya, Har Yanzu Shiru?"

A nan Kaduna ƙura ta fara sauka, leɓe ya fara tsagewa, wankan asuba kuma ya zama sai mai ƙarfin hali. Na gode wa waɗanda suka aiko da saƙo a kan abin da na rubuta makon jiya game da girki da gawayi, musamman ɗalibar nan ta Gombe da ta koya mini zuba toka a kan garwashi don ya kai har girkin dare. Na gwada, ya yi.

Labarin makaranta gajere ne. Saura mini mako uku in kammala koyon aikin koyarwa a firamaren da aka tura ni, aji huɗu, yara sun fi kujeru yawa. Malamin da ke duba mu ya zo ranar Talata, ya zauna a bayan aji, ya yi rubuce-rubucensa, ya tafi bai ce uffan ba, wanda 'yan gaba da mu suka ce alama ce mai kyau. Kuɗin mota ne ke neman karya ni. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, babu ɗalibin da ke zuwa makaranta daga gida da bai ji a jikinsa ba. Yanzu nakan taka rabin hanya da ƙafa in hau Keke a sauran rabin.

A coci kuma na ɗinka zanen Zumuntar Mata. Ga masu karatu da ba su san ta ba, ƙungiya ce ta matan aure da ake samu a ikkilisiyoyin Arewa irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN, kowace da nata zane. Su ne za ku ji suna waƙa da tulu da caki a wurin biki ko jana'iza. Suna gaida marasa lafiya, suna yi wa gidan makoki girki, suna adashi, suna koya wa amare zaman aure. Duk wadda ta yi aure ana sa ran ta shiga. Ni ce ƙarama a tamu, don haka ni ce mai ɗaukar benci da mai rubuta sunayen waɗanda suka makara.

To, abin da nake so mu tattauna yau ya fi waɗannan nauyi, na kuma daɗe ina juya shi kafin in yarda in sa shi a jarida. Na nemi izinin maigida, ya ce in rubuta. A watan Disamba mai zuwa aurenmu zai cika shekara biyu, kuma ba mu sami haihuwa ba tukuna.

Babu wanda ya taɓa tare ni ya ce "me ya sa ba ki haihu ba?" Mutanenmu ba sa tambaya haka. Sai dai a ce, "Amarya, har yanzu shiru?" Ko a ce, "Yaushe za mu ci shinkafar suna?" Ko wata uwa ta riƙe miki hannu bayan an tashi sujada, ta dubi cikinki, ta dubi fuskarki, ta ce, "Muna sa ki a addu'a, 'yata." Idan na yi ƙiba kaɗan sai a fara murmushi, idan zazzaɓi ya kama ni sai a fara lissafin wata. Kalmar "amarya" kanta tana da nata saƙon. Ƙawayen da muka yi aure a shekara ɗaya duk sun koma Maman wane da Maman wance, ni kaɗai aka bari da sunan ranar biki.

Ba na ɗaukar masu tambayar a matsayin maƙiya. Yawancinsu ƙauna ce, sai dai ƙaunar da ba ta san inda ciwo yake ba takan taka shi. Abin da ya fi damuna shi ne fassarar da aka fara yi wa shirun. Wasu sun ce boko ne, wai na je an ba ni maganin tsarin iyali don kada goyo ya hana ni karatu. Maganar ta yi yawo har ta kai Wusasa wurin surukata.

Mama mace ce da nake girmamawa. Ta yi shekaru tana koyar da yara a Makarantar Lahadi, kuma ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Da muka je gaishe ta kwanan baya, ta ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki na mahaifiyarta, fassarar Hausa ta 1932 wadda Dakta Walter Miller da abokan aikinsa suka yi, bangonsa duk ya cinye. A shafin farko an rubuta sunayen 'ya'ya da jikoki da ranar haihuwar kowa, hannu daban-daban, tawada daban-daban. Ta nuna mini sunan maigidana, ta nuna mini filin da ya rage a ƙasansa. Sai ta ce, "'Yata, ko za ki ɗan ajiye makarantar nan ki huta? Karatu ba ya gudu." Na ce, "Mama, na ji, za mu yi shawara da shi." Ban iya ƙara komai ba, don na san ba ta faɗa don ta ɓata mini rai ba. Tsufa take gani yana matsowa, tana son ta rubuta sunan da hannunta.

Mun yi shawarar, kuma ba zan bar makaranta ba. Shekara ɗaya ta rage mini in karɓi takardar NCE. Allo da alli ba sa hana ciki, malamai nawa ne ke koyarwa da goyo a baya? Idan na zauna a gida, abin da zai ƙaru kawai shi ne lokacin zama ina ƙirga kwanaki. Maigida da kansa ya kira Mama ya faɗa mata cewa shawararsa ce, don kada nauyin ya faɗo a kaina ni kaɗai. Samari masu karanta wannan fili, ku riƙe wannan: akwai maganar da idan ta fito daga bakin ɗa ana karɓa, idan ta fito daga bakin suruka ta zama rashin kunya.

Abu na biyu da muka yi shi ne zuwa asibiti, mu biyu tare. A nan ne na koyi abubuwan da ya kamata a ce tun a sakandare aka koya mana. Likitoci ba sa kiran abu matsalar haihuwa sai ma'aurata sun yi wata 12 suna tare ba tare da wani tsari ba kuma ciki bai samu ba. Idan matar ta haura shekara 35, to bayan wata 6 ake so su je. Ke nan amaryar da aka fara yi wa gori a wata na huɗu, zalunci kawai ake yi mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yakan fuskanci wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa, a ƙasashen masu kuɗi da na talakawa kusan duk ɗaya. Ku ƙirga ajinku ku raba shida, za ku ga ba labarin wasu can ba ne.

Sannan ga wanda ba a son faɗa a zaure: a kusan rabin ma'auratan da ke fama da wannan, akwai hannun ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da na matar. Gwajin namiji kuwa shi ne mafi sauƙi da araha, gwajin maniyyi ne kawai a ɗakin gwaje-gwaje. Na mace ne mai tsawo, a duba jini, a ɗauki hoton mahaifa, wani lokaci a duba ko bututun da ƙwai ke bi a buɗe suke. Amma a layin da muka zauna ranar, mata ne cike da benci, maza ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Wata da ke kusa da ni ta ce shekararta biyar tana zuwa, maigidanta bai taɓa taka ƙofar ba, wai shi lafiyarsa ƙalau. Wane ne ya gaya masa? Likitar ta kuma ja kunnenmu a kan abubuwa biyu da suka shafe ku kai tsaye. Ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa, idan aka ɓoye shi don kunya aka yi ta shan ƙwayoyin kyamis barkatai, yana iya toshe bututun mace tun tana budurwa ba ta sani ba. Hangum kuma idan ya kama saurayi bayan ya balaga yana iya sauka ya taɓa maraina. Wanda ya ga kumburi a wurin bayan hangum, asibiti zai nufa, ba wurin abokai ba.

Tun da labari ya fita, masu magani suka yi mini caa. An kawo mini sassaƙe a leda. An ba ni sunan wani gidan addu'a inda ake sayar da mai a ƙaramar kwalba, wai a sha cokali ɗaya da tsakar dare har kwana bakwai, a kuma "shuka iri" da kuɗin da ya fi kuɗin makarantata. Ban je ba, ba kuma zan je ba. Ban ga inda Yesu ya karɓi ko anini a hannun wanda ya warkar ba. Wanda ya ga binciken da sashen Africa Eye na BBC ya fitar a ƙarshen 2024 a kan wasu masu damfara a Jihar Anambra ya san inda wannan hanya take kaiwa: mata na biyan maƙudan kuɗi, a yi musu allurai cikinsu ya kumbura, a hana su zuwa ɗaukar hoto, a ƙarshe a miƙa musu jaririn da ba nasu ba. Waɗannan mata ba wawaye ba ne. Gori ne ya kai su bango, kuma masu gorin suna da kaso a cikin laifin.

Wasu za su ce, to ina bangaskiyar taki idan kika ruga asibiti? Ni ban ga saɓani ba. Luka da ya rubuta ɗaya daga cikin Bisharu huɗu likita ne. Muna addu'a kowace safiya kafin maigida ya fita, muna kuma zuwa ganin likita ranar da aka ba mu. Abin da nake ƙi shi ne koyarwar da ke cewa duk macen da ba ta haihu ba akwai zunubin da ta ɓoye ko la'anar da ta gada. Babin farko na Bisharar Luka ya ba da labarin Zakariya da matarsa Alisabatu, ya shaide su da adalci a gaban Allah, duk da haka suka tsufa babu ɗa kafin a ba su Yohanna. 'Yan'uwana Musulmi sun san labarin Annabi Zakariya da Yahaya a farkon Suratu Maryam. Idan jinkiri hukunci ne, me waɗannan bayin Allah suka yi?

Wadda na fi komawa wurinta kwanan nan ita ce Hannatu, a Littafin Sama'ila na Fari. Kishiyarta Feninna tana da 'ya'ya, tana tsokanarta kowace shekara idan sun tafi sujada a Shilo, har ta kasa cin abinci. Ta shiga ta yi addu'a leɓenta na motsi murya ba ta fita, Eli firist ya ɗauka ta bugu ne. Ko shugaban addini bai gane ciwonta ba a kallon farko. Masu wa'azi sun fi son su yi sauri su kai ƙarshen labarin inda aka haifi Sama'ila, kowa ya ce amin. Ni wurin da nake tsayawa shi ne kafin nan: bayan ta gama addu'a ta tashi ta ci abinci, fuskarta ta sake, alhali ba ta da ciki tukuna kuma ba ta san ranar da zai zo ba. Wannan nake roƙo a yanzu, in iya cin tuwona in shiga aji in koya wa yara jimla da ɗebewa da sakin fuska, ko amsar ta zo bana ko ta jima. Wata rana ina iyawa. Wata rana kuma, musamman ranar da aka miƙa jariri a coci aka ce Zumunta ta fito ta yi waƙa, nakan riƙe caki ina kaɗawa bakina a rufe.

Wadda ta fi kowa fahimtata a gidan hayarmu maƙwabciyata ce Musulma, shekararta uku da aure, ita ma shiru. Nata tsoron ya bambanta da nawa. Ita dangin miji sun fara maganar ƙarin aure, ni kuwa a wurinmu babu kishiya, sai dai a bar ki da kallo da shagube har ki ji gidan ya yi miki faɗi. Mukan zauna muna tsince shinkafa mu yi dariyar magungunan da aka kawo mana. Na faɗa mata batun gwajin maza, ta ce ba ta san ta inda za ta ɓullo wa maigidanta ba. Maigidana ya ce zai ja shi da hira idan sun fita kallon ƙwallo, daga Arsenal a gangaro a hankali. Har yanzu dai suna kan Arsenal.

Sakamakon gwajinmu zai kammala bayan sabuwar shekara. Ba zan buga shi a nan ba, namu ne mu biyu, kuma mun yi alkawari duk wanda abin ya faɗa a kansa ba za a ji daga bakin ɗayan ba, ko a wurin iyaye. Kafin nan akwai gwajin waƙar Kirsimeti kowace Alhamis da yamma, akwai littafin darasi da zan miƙa, kuma mun haɗa kuɗi da mata huɗu na Zumunta za mu sayi buhun shinkafa mu raba, don kada maƙwabtan da suka cika mana kwano da naman layya su ga kwanonsu ya dawo wayam. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan amsa wasiƙar ɗalibin da ya tambaya ko ya dace ya yi alkawarin aure tun yana aji biyu a jami'a.