Kafin Garanti Ya Ƙare, A Leƙa Ƙarƙashin Mota

Wannan makon za mu ɗan ajiye zancen labari da waƙa, mu shiga ƙarƙashin mota.

Duk wanda ya san yankin Funtuwa da Malumfashi ya san kwalta ba ta kaiwa gona. Daga Bakori zuwa Ɗanja, daga Ƙafur zuwa Ɗandume, da zarar an sauka daga babban titi sai jar ƙasa, sai kwazazzabo, sai fadamar da ke cika da ruwa a watan Agusta. Shi ya sa manyan manoma da ƙungiyoyinsu da 'yan kasuwar hatsi ke daurewa su sayi mota mai jan ƙafa huɗu irin su Hilux, wani da kuɗin masarar shekaru, wani da bashin banki. Ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya sayi irin wannan mota sabuwa, ya bari garantinta ya ƙare bai sa an duba masa difarenshal ba, to ya yafe haƙƙin da ya riga ya biya.

Difarenshal shi ne tulun ƙarfen nan da ke tsakiyar aksil, wanda za ka hango idan ka durƙusa a bayan mota. Idan mota ta sha kwana, tayar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki. Da za a ɗaure su su riƙa juyawa daidai, da ɗaya ta riƙa jan ƙasa. Aikin wannan tulu shi ne ya karɓi ƙarfin inji daga farfela, ya raba wa tayoyi, ya bar kowace ta juya gwargwadon tafiyarta. Mota mai jan ƙafa huɗu tana da guda biyu, gaba da baya. A ciki haƙoran giya ne ke gugar juna ƙarƙashin nauyi, kuma babu abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe sai man giya mai kauri.

Man nan shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Kowane direba ya san baƙin man inji, domin yana da sandar awo, yana da fitila a gabansa. Na aksil ba shi da ko ɗaya. Ga shi hanyoyinmu sun fi kowace hanya yi masa illa. A saman aksil akwai wani ɗan hanci da yake numfashi ta nan. Idan mota ta yi tafiya tulun ya ɗauki zafi, sannan aka tsunduma shi cikin ruwan rafi mai sanyi, iskar ciki sai ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta hancin ko ta robar da ke tare mai. Man sai ya koma kamar shayi da madara. Motar za ta ci gaba da tafiya kamar babu komai, amma boris da haƙora sun fara cin kansu. Sai kaka ta yi, a ɗora mata buhu ashirin na masara alhali nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, wato buhu goma masu kilo 100. A nan ne kukan yake fitowa, a kan hanyar kasuwar Ɗandume, ranar da mai kaya ba zai iya jira ba.

Saboda haka muke ganin lokacin dubawa mafi dacewa a yankinmu shi ne tsakanin ɗaukewar ruwa da fara jigilar amfanin gona, wajen watan Oktoba. Idan kuma garanti zai ƙare kafin nan, kada a jira. Kamfanoni da yawa suna ba da shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Motar da ke zirga-zirgar kasuwanni tana iya cinye kilomitocin tun shekarun ba su cika ba. A duba takarda, a duba mita, a bar tazarar wata biyu ko uku, domin odar kayan gyara ba ta zuwa rana ɗaya.

Dubawar farko ba ta buƙatar kuɗi. A kashe rediyo a kan kwalta mai kyau, a saurara: akwai wani kuka daga baya da ke tashi idan an taka mai, ya sauya idan an ɗaga ƙafa? Akwai ƙwas idan an tashi ko an sa ribas? Sannan a leƙa ƙasa a ga ko akwai damshin mai a inda farfela ta shiga tulun, ko a bayan tayoyi. A wurin sabis kuma, a tsaya a gani da ido. Bakanike na gari yana fara kwance notin zuba mai kafin na tsiyaya, don kada a zubar da mai a rasa ta inda za a mayar. Man ya kamata ya kai bakin ramin. Notin ƙasa yawanci yana da maganaɗisu: idan baƙin gari ne mai laushi a jikinsa, wannan ba abin tsoro ba ne, idan ɓarɓashin ƙarfe ne da yatsa ke ji, akwai magana. Man da za a zuba shi ne wanda littafin motar ya faɗa, galibi mai alamar GL-5, ba duk wanda aka samu a galan ba.

A nan ne inda mutane ke asara ba su sani ba. Idan aka ga ɓarɓashi ko aka ji kuka alhali garanti yana da rai, kada a bari kowa ya buɗe tulun a garejin unguwa, kada kuma a zubar da man. Shi ne shaida. A kai motar wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, a sa ya rubuta ƙorafin a takardar aiki, da kwanan wata da lambar mita, a karɓi kwafi. “Na gaya wa yaronku” ba hujja ba ce. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, tana nan, amma ita ma takarda za ta tambaya. Wanda ya zo bayan kwana ɗaya da ƙarewar wa'adi ba tare da rubutu ba, ihu ne bayan hari.

Za a ce mana: zuwa Kaduna ko Kano asarar yini ce, ga kuɗin mai, ga tsadar sabis, alhali bakaniken Funtuwa ya san motar nan kamar yunwar cikinsa. Gaskiya ne, kuma ba mu raina kunnen da ya shekara ashirin yana sauraren aksil ba. Shi ya fi dacewa ya fara saurara ya ce a tafi ko kada a tafi. Amma sa hannunsa ba ya ɗaure kamfani. A auna yini ɗaya da aka rasa da rani ko ƙarshen damina, da mako biyu na mota a kan jak a tsakiyar kaka, tumatirin Ɗanja na ruɓewa, ana hayar motar wani.

Sai dai garanti ba ƙofar ha'inci ba ce. Abin da yake ɗauka shi ne lahanin ƙira. Wanda ya nutsar da mota a rafi, ko ya yi mata lodin tirela, ko ya bar ta a ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta har ƙarafa suka murɗe, ya gyara da kuɗinsa, kada ya ɗora wa wani. Masu 'yar Kwatano kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, ba su da garanti sai idonsu. A duba man aksil kafin a biya kuɗi, a sake dubawa bayan kowace damina.

Ina namu a ciki? Littafin garanti da Turanci yake zuwa, da ƙananan haruffa, kuma sau da yawa yana nan cikin ledarsa har motar ta tsufa. A gidajen manoma da yawa, ɗan da ke rubutu a waya shi ne kaɗai zai iya karanta shi. Mu ɗauko shi, mu karanta wa Baba ko Kawu ranar da wa'adi zai cika, mu saya wa direba ƙaramin littafi ya riƙa rubuta ranar sabis da ranar da ya keta ruwa. Wanda ya iya bayyana yadda ruwa ke shiga aksil da Hausar da manomin Ƙafur zai gane, ba zai sha wuyar bayyana komai ba.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai kaya kasuwa lafiya.