Ayiris da lili a fangali ɗaya

A makon jiya wani abokin aikina ya shigo ofishina da waya a hannu, ya nuna mini hoton wani lambun Turai: furannin ayiris masu ruwan bula a gaba, dogayen lili farare a baya. Uwargidansa ce ta gani ta ƙyasa, tana so a yi odar irin a shuka a tsakar gidansu a Zariya. Ya ce, "Malam, kai da ka zauna can, yaya ake yi?" Na yi dariya, domin waɗannan furanni biyu sun taɓa kunyata ni, kuma har yau ban gama hucewa ba.

Lokacin da nake karatun digiri na uku a Ingila, na yi haya a gidan wata tsohuwa a birnin Lids. Iya nake ce mata, ta kuwa karɓi sunan. A bayan gidan akwai fangali guda, tsawonsa bai wuce taku shida ba, ta ce mu raba aikinsa tunda gwiwa ta fara ba ta wuya. A cikinsa akwai ayiris ɗin da ta gada daga mahaifiyarta, da lili da ta saya da kuɗin fanshonta.

Da sanyi ya ƙarato na duba na ga saiwoyin ayiris a fili, kwance a kan ƙasa kamar citta da aka zubar. Tausayinsu ya kama ni. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: ni ɗan manomi ne, a wajenmu saiwa a waje alamar ragon mai gona ce. Na ɗauko hauya na yi musu huɗa irin ta dankali, na lulluɓe fangalin baki ɗaya da taki mai kauri. Lili ta ji daɗin abin. Ayiris kuwa da watan Mayu ya zo sai ganye kawai, kusan rabin saiwoyin sun ruɓe suna wari. Iya ta durƙusa da ƙyar tana tono su da yatsa, ba ta ce mini uffan ba sai da ta gama. Sannan ta ce, "Yaro, waɗannan sun girme ka. Rana suke so a bayansu."

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, tsirran nan biyu buƙatunsu sun yi hannun riga. Ayiris mai gemu, wanda aka fi shukawa a can, saiwarsa dole ta zauna a saman ƙasa, rana ta gasa ta aƙalla awa 6 a yini, in ba haka ba ba za ta ɗauki furen baɗi ba. Damshi da taki mai yawan sinadarin nitrojin ajalinta ne. Lili kuwa kwanta kamar albasa yake, ana binne shi zurfin da ya kai ninki uku na tsayinsa, wajen santimita 15. Tana son kanta a rana, gindinta a inuwa mai sanyi da laima. Duk wanda ya yi musu hidima iri ɗaya, to ya zaɓi wanda zai kashe.

Amma wannan saɓanin ne ya sa suke iya zama tare. Ɗaya yana cin saman ƙasa, ɗaya tana cin ƙarƙashi. Ayiris yana fure a Mayu zuwa farkon Yuni, lili ta karɓa daga ƙarshen Yuni har Agusta, don haka fangalin ba ya zama fayau. A shekara ta biyu muka sake tsari. Muka jera ayiris a bakin kudu, inda rana ta fi bugawa a wancan yanki na duniya, tazarar santimita 30 tsakanin saiwa da saiwa, babu taki ko ɗaya a kansu. Lili ta koma baya, muka dasa jeraniyum a gindinta don inuwa, labanda kuma a kusurwar ayiris domin ita ma busasshiyar ƙasa take so. Aikina na kowace Asabar shi ne datse jeraniyum kada ya yaɗo ya rufe saiwar maƙwabci, da tsince wani jan ƙwaro mai cinye ganyen lili. Kyanwar Iya ma sai da aka yi mata iyaka, saboda ko garin furen lili ta lasa ƙodarta na iya lalacewa.

Wata rana ina tsugune ina wannan datsa sai na ga ashe gonar mahaifina nake kallo. Gero ake fara shukawa da ruwan farko, bayan makonni a jefa wake a tsakani. Gero ya tashi sama, wake ya kwanta yana rufe ƙasa yana ƙara mata ƙarfi, in an girbe gero sai rana ta zama ta wake shi kaɗai. Jami'an gona sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin rashin wayewa, suna matsa wa manoma su riƙa shuka abu ɗaya a gona ɗaya. Sai da David Norman da abokan aikinsa suka yi bincike a ƙauyukan kewayen Zariya daga tsakiyar shekarun 1960, suka nuna cewa shukar gauraye ta fi ba ƙaramin manomi amfani, ta kuma rage masa haɗarin tashi a tutar babu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ni da na taso cikin wannan ilimi sai da na je Lids na kashe furen wata tsohuwa kafin na gane shi.

To, me na gaya wa abokin aikina? Na ce ya adana kuɗinsa. Ayiris mai gemu da yawancin lili suna buƙatar sanyin hunturun Turai na watanni kafin su yi fure, ɗarinmu bai kai ba, ruwan Agustanmu kuma zai ruɓar da saiwar cikin ɗan lokaci. Wanda zai sayar masa ba zai faɗa masa haka ba. Na ce in fure mai kama da lili Hajiya take so, albasar kwaɗi tana nan a fadamunmu, fara mai ratsin ja, tana buɗewa da farkon damina ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Akwai kuma gatarin kurege, mai hawa kan maƙwabcinsa da furen ja da rawaya kamar harshen wuta, wanda ƙasar Zimbabuwe ta ɗauka furen ƙasa, Turawa kuma suke renonsa a ɗakin gilashi. Sai dai dukkansu guba ne, musamman na biyun, don haka gidan da ke da yara ƙanana sai an yi shinge.

Ya yi shiru yana kallon hoton. Can ya ce matsalar ita ce yadda zai koma gida ya ce wa Hajiya albasar kwaɗi zai shuka mata. Mun dai yi alkawari, in ruwa ya sauka za mu je fadama da magirbi mu haƙo kwai uku, ni zan yi bayanin.